Mutumin da Ya Sassaƙa Dutsen Kabarin Babana

Ku da kuka cika mini waya da tambayar yaushe biki, ku yi haƙuri, yau ba labarin biki na kawo muku ba. Wanda kuma yau ya fara karantawa, bari in gajarta masa. Ni ce auta a gidanmu, ina koyarwa a makarantar firamare. Babana ya rasu bara. Mutumin da zan aura kuwa shi ne wanda muka je shagonsa ni da Mama don ya sassaƙa mana dutsen da za a kafa a kabarin Baba. Ku yi dariya, ba zan ji haushi ba. Yayata ma cewa ta yi kowa na tsintar miji a wurin biki, ni sai da na je bakin maƙabarta na samo nawa.

A wayata sunansa Kan Dutse, don taurin kai gare shi kamar me. Shi kuma Malama yake ce mini, ko muna faɗa. A coci aka haife shi, an yi masa baftisma, har waƙa ya yi cikin mawaƙa yana yaro. Tun da muka fara magana kullum Lahadi yana benci na baya, hannu a naɗe a ƙirji. Ni dai na ɗauka kunya ce ke hana shi buɗe baki.

A cocinmu kafin a sanar da aure sai masu auren sun zauna gaban Fasto da dattawa, an tambayi kowa abin da ya gaskata. An ce mu zo ranar Asabar. Ranar Laraba da safe ina guge rigar da zan sa zuwa makaranta, wata ruwan toka mai ƙananan maɓallai, sai waya ta yi ƙara a kan gado, saƙonsa ne ya shigo.

"Malama, me za su tambaye ni ranar Asabar?"

Na rubuta da hannu ɗaya: "Abin da ka sani tun kana yaro. Ko ka gaskata Yesu ya mutu domin zunubanka, ya kuma tashi daga matattu."

"To zan ce e."

Ban san me ya sa kalmar ta dame ni ba. Na ajiye dutsen guga na rubuta: "Za ka ce e, ko kuwa e ɗin ne?"

Na ga yana rubutu. Ya daina. Ya sake farawa, ya sake dainawa. Ina tsaye ina kallon waya har sai da na ji ƙaurin ƙuna, ashe na kwantar da dutsen a kan hannun rigar. Can sai ga saƙo: "In kin tashi daga makaranta ki biyo shago."

Ranar ban san abin da na koya wa yaran mutane ba.

Shagonsa dogo ne mai rufin kwano, gaba ɗaya ƙasan fari fat da garin dutse. Duwatsu a jingine jikin bango layi-layi, farare da baƙaƙe, wasu an gama, wasu da zanen alli kawai. Na same shi durƙushe yana bin wani harafi da ƙaramar guduma, ƙyalle ɗaure a hanci. Ya goge mini kujera da gefen rigarsa kamar yadda ya saba. Ban zauna ba.

"Faɗa mini," na ce.

Ya sauke ƙyallen. "Malama, dubi shagon nan da kyau. Karanta abin da ke jikin duwatsun. Yana barci, zai tashi. Sai mun sake saduwa. Tun ina miƙa wa Babana guduma nake rubuta wa mutane wannan magana, har hannuna ya yi kanta. Ni nake kai dutsen, ni nake kafa shi da siminti. Wanda na kafa tun ban fara aske gemu ba yana nan inda na bar shi. Ba a taɓa zuwa an ce mini in je in cire, mai wurin ya tashi ba."

"Ai ba mu ce sun tashi ba. Mutum ɗaya muka ce ya tashi, saboda shi sauran ke jira."

"To shi ɗin. Wa ya gani? Gani ya kori ji."

"Mutane sun gani. Sun ci abinci da shi, sun taɓa shi."

"Baƙin ciki ne." Ya faɗa a hankali, ba da izgili ba, wannan ne ma ya fi ciwo. "Matan da ke zuwa nan, da yawa sukan ce mini sun ga mijinsu tsaye a bakin ƙofa. Ke kanki kin ce mini kin ji tarin Babanki a falo."

Jama'a, kun san yadda mutum kan ba wanda yake so sirrinsa, wata rana ya ga an zaro shi an auna masa? Idona ya kawo ruwa, amma na daure.

"Na ji, har na ajiye cokali na leƙa. Amma ka taɓa jin na fita titi ina shela cewa kabarin Baba ba kowa a ciki? Na san inda yake kwance, kai ka kafa dutsen. Almajiran Yesu kuwa a garin da aka kashe shi suka tsaya suna faɗa, a gaban waɗanda suka kashe shi. Da gawar na nan ai sai a ɗauko a nuna wa jama'a, magana ta mutu."

"Sace ta suka yi."

"Su wa? Mutanen da suka watse suka bar shi ranar da aka kama shi? Babbansu fa wata 'yar aiki ce ta tambaye shi, ya rantse bai taɓa saninsa ba. Su ne za su sace gawa, sannan a yi ta dukansu, ana ɗaure su, ana kashewa, a rasa ko ɗaya da zai ce ku dakata, ga inda muka ɓoye? Mutum kan mutu a kan ƙaryar da aka yi masa bai sani ba. Amma ban taɓa jin wanda ya miƙa wuyansa a kan ƙaryar da shi ya shirya da hannunsa ba. Kuma in ƙarya za su shirya, me ya kai su sa mata su zama shaidun farko, a zamanin da ko gaban alƙali ba a ba maganar mace nauyi?"

Kada ku ɗauka ni wata gwana ce. Duk tambayoyin nan ni ma na yi su bayan rasuwar Baba, ina kwance ina kallon silin, ba wanda na gaya wa. Amsoshin da kuka ji da hawaye na tono su.

Ya ɗauki tsumma yana goge yatsu. "Wataƙila ma bai mutu ba. Suma ya yi, sanyin kogon ya farfaɗo da shi."

"Haba, Kan Dutse. Kai da ka san nauyin dutse? Mutumin da aka farfasa wa baya da bulala, aka huda masa hannu da ƙafa, aka soke shi da mashi a haƙarƙari, shi ne zai tashi cikin duhu ya ture dutsen bakin kabari, ya wuce masu gadi, ya je ya ce wa abokansa na ci nasara a kan mutuwa, su kuma yarda? Ai sai dai su nemo masa mai magani. Kai da lafiyarka, wancan baƙin dutsen sai ka kira maƙwabta kafin ka ɗaga shi."

Ya ɗan yi murmushi. "Wannan kam na ba ki."

Zuciyata ta yi tsalle, na ce ko an zo wurin. Ashe ko farawa ba a yi ba.

"To a ce ya tashi," ya ce. "Me ya sa sai an zub da jini kafin Allah ya yafe? Ni in an yi mini laifi sai in ce na yafe, shi ke nan."

"Ranar da direba ya saki dutsen da ka sassaƙa wa wata mata ya rabu biyu, ka ce masa ya je ka yafe. Wa ya sake sassaƙa wani?"

"Ni."

"To ka gani. Yafiya ba ta taɓa zuwa a banza, dole wani ya ɗauki asarar. Kuma ba wani bawan Allah aka kamo aka ɗora wa ba. Allah da kansa ya sauko ya ɗauka."

Ya dubi ƙasa. Da ya sake magana muryarsa ta canja, ta yi ƙasa-ƙasa, amma ni da na ji daɗin bakina ban lura ba.

"Mai kisan kai ya tuba ana gab da zare ransa, a buɗe masa ƙofa. Mutumin da ya yi aiki da guminsa, bai cuci kowa ba, ya ciyar da iyalinsa, don kawai bai gaskata ba a rufe masa. Wannan ne adalcin?"

"Wa ye bai cuci kowa ba a gaban Allah?" na ce da sauri, kamar ina amsa wa ɗan aji uku. "Ceto ba lada ba ne, kyauta ce. Wanda ya miƙa hannu ya karɓa. Wanda ya ƙi, ai shi ya ƙi."

Ya dube ni wani irin kallo da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Sai ya mayar da ƙyallensa hanci.

"Kada ki damu, ranar Asabar zan ce e. Ni ma'aikaci ne, Malama. Abin da mai aiki ya kawo shi nake rubutawa, ban taɓa tambayar kowa ko gaskiya ne ba. Kuma ina rubuta shi da kyau, ke shaida ce."

"Ni ba mai kawo aiki ba ce," na ce. "Matarka zan zama. Ina roƙonka abu ɗaya, kada ka yi wa Allah ƙarya saboda ni. In e ne ka ce e. In ba e ba ne, ka faɗi abin da ke ranka."

"Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani."

Ya kunna injin yankan dutse. Na tsaya kaɗan ko zai kashe, bai kashe ba, na fito.

A gida na tarar da Mama a falo, tabarau a ƙarshen hanci, tana ɗinka ƙananan duwatsu masu ƙyalli a bakin mayafin aurena. Farar rigar tana rataye a ƙofar ɗakinta cikin leda. Kujerar Baba na gefen taga, har yau ba mai zama a kanta, sai dai a kakkaɓe. Mama na son Kan Dutse fiye da yadda take son wasu daga cikin 'ya'yan cikinta. Shi ke gyara mana famfo, shi ya goya ta a babur zuwa asibiti ranar da jininta ya hau. Ban ɓoye mata komai ba.

Ta cire tabarau ta ajiye a cinya. "Auta, wa ya aike ki tone-tone?"

"Mama, shi ya fara."

"Ya ce zai ce e, ko bai ce ba?"

"Ya ce."

"To ina ruwanki da abin da ke cikin zuciyarsa? Zuciya ta Allah ce. Kin san maza nawa ne ke zaune a benci ranar Lahadi hankalinsu na wurin ƙwallo? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ki aure shi, yana ganin kina durƙusawa, wata rana zai durƙusa. An gaya wa dangi, an ɗinka riga. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma ni ce uwar ɗiyar."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. "Mama, ranar da aka sa Baba a rami, kin tuna Yaya ce ta riƙe ki?"

Ta ajiye allurar.

"Da muka dawo gida kika wanke fuska kika ce a ba baƙi ruwa. Me ya tsayar da ke a kan ƙafarki?"

"Na san zan sake ganinsa," ta ce.

"To ni in ranar tawa ta zo, me zan riƙe? Ko shi in ni na riga shi, ya tsaya a kaina yana ganin shi ke nan, an rufe ni kamar an rufe rijiya? 'Ya'yanmu in sun tambayi ina Kaka ya tafi, ni in ce abu ɗaya, ubansu ya kau da kai?"

Mama ta sa mayafin aurena ta share hawaye, ba ta ma san da shi ta share ba. "Ni dai so nake in ga kin zauna a ɗakinki kafin in bi shi. Laifi ne?"

Ba laifi ba ne. Na kwantar da kai a gwiwarta muka yi kukanmu tare, kowa da abin da yake yi wa kuka.

Alhamis da Juma'a ba kira. Saƙo ɗaya kawai ya turo: "Kin ci abinci?" Na ce e. Ƙarya nake.

Ranar Asabar da hantsi na sa doguwar riga shuɗiya mai duhu, na ɗaura farin ɗankwali, ban shafa komai a fuska ba. Ofishin Fasto ɗan ƙarami ne a bayan coci, da kujerun roba da fanka mai kuka kamar tana jin ciwo. Fasto na bayan tebur. Gefensa Baffa ne, ƙanin Babana, wanda shi ma dattijon coci ne. Mama ta zauna kusa da ƙofa, jaka a rungume. Kan Dutse ya shigo cikin farar rigar da na saya masa, ya yi aski, amma garin dutse na nan a gefen farcensa. Ya durƙusa ya gai da kowa.

Aka yi addu'a. Ni aka fara tambaya, na amsa. Sai Fasto ya juya wurinsa yana murmushi, irin na wanda ya riga ya san amsa.

"Ɗana, ka gaskata Yesu Almasihu ya mutu domin zunubanka, ya kuma tashi daga matattu?"

Zan gaya muku gaskiya. A wannan lokacin, duk da abin da na faɗa a shago, wani ɓangare na zuciyata roƙo yake yi ya ce e. Ya ce kawai, mu tashi mu tafi, sauran a gyara daga baya.

Ya dubi hannayensa. Ya dube ni.

"Baba Fasto, na fito gida da e a bakina. Amma an roƙe ni kada in yi ƙarya, kuma wadda ta roƙe ni ba na iya ƙin maganarta. Ban gaskata ba. Ina sonta, wannan kam na tabbata. Ɗayan ban gaskata ba."

Baffa ya ja tsaki ya tura kujerarsa baya. "Ashe duk zaman da kake yi a coci wasa kake da mu? 'Yar ɗan'uwana marainiya za ka yaudara?"

Fasto ya ɗaga masa hannu. "Da yaudara ya zo yi, da yanzu muna taya su murna." Ya dubi Kan Dutse ya daɗe. "Na gode da ba ka yi mana ƙarya ba, ɗana. Ba zan iya sanar da auren nan a haka ba. Amma ƙofar nan a buɗe take gare ka, ka zo da duk tambayar da kake da ita."

Na juya na dubi Mama. Ta rufe fuska da gyalenta, kafaɗunta na motsi.

Na bi shi waje. Yana tsaye jikin babur ɗinsa a inuwar katanga, makulli a hannu, ya kasa sa shi a rami.

"Kin ce in faɗi gaskiya, na faɗa," ya ce. "Saura wadda ban faɗa a ciki ba. Hujjojinki sun fi nawa ƙarfi, Malama. Tun Laraba nake juya su, ban samu inda zan kama ba. Ba kabarin ne ya hana ni ba."

"To mene ne?"

"Babana. Ciwo ya cinye shi a hankali, ya yi addu'a har ya gaji. Daga baya ya hana a kira sunan Allah a ɗakin. Fasto ya zo, ya kore shi. A hannuna ya cika, kuma maganarsa ta ƙarshe zagi ce, ba ni ya zaga ba." Ya matse makullin a hannunsa. "Mutumin da ya koya mini riƙe guduma. Bai taɓa cin abinci ba sai ya ga mun ƙoshi. In abin da kike faɗa gaskiya ne, yana ina? Kin ce wanda ya ƙi, shi ya ƙi."

Maganata ce ya maimaita mini, kalma da kalma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na hau kan rufin mutum ina ta tsalle. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Ka yafe mini," na ce. "Ban sani ba."

"Ba haƙuri nake nema ba. Amsa nake nema."

"Ba ni ce mai hukunci ba. Ban san wata ƙofa ba sai Yesu, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma akwai ɓarawon da aka gicciye kusa da shi, da farko shi ma zagi yake yi, kuma da sauran numfashi kaɗan aka karɓe shi. Ba wanda ya san abin da ke wucewa tsakanin mutum da Allah a ƙarshe."

"Ina wurin. Kunnena na kan bakinsa."

"Ka ji abin da bakinsa ya faɗa. Ba ka ji abin da Allah ya ji ba."

"Ke kin ji?"

"Ban ji ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya miƙo hannu kamar zai gyara mini ɗankwali, sai ya fasa. Ya tayar da babur ya fita ta ƙofar coci, bai waiwayo ba. Na tsaya a rana ina kallon ƙofar, na san ni da bakina na roƙe shi ya faɗi gaskiyar da ta raba mu, kuma da za a mayar da ni Laraba, abin da zan roƙa ke nan.

Baffa ya fito riƙe da hannun Mama, ya ce in wuce mu tafi gida, kuma kada ya sake jin sunan yaron nan a bakina. Na ce su yi gaba ina zuwa. Na shiga cikin coci, ba kowa sai wata tsohuwa mai shara can wajen bagadi. Na zauna ke nan waya ta yi motsi a hannuna.

"Malama. In da gaske ya tashi, to yana ji. Ki tambaye shi inda Babana yake. Ni ba zan iya ba, tsoron amsar nake ji."

Na karanta, na sake karantawa. Mutum ba ya tsoron amsa daga bakin wanda ya tabbata matacce ne.

Na zame daga benci na durƙusa a kan siminti, wayar na manne a ƙirjina. Na buɗe baki in isar da saƙonsa, sai na ji ni ma tsoron amsar nake ji. Amma aiko ni aka yi, don haka na tambaya.